Tururuwan Baffa Mudathir

Baffa Mudathir ƙanen mahaifina ne. A Funtuwa aka haife shi, kuma tun yana yaro ya fi son kallon ramukan dara a kan buga ta. Abba ne ya kawo shi Amurka karatun digiri na uku a lissafi, ya ba shi ɗakin ƙasa a gidanmu na Bowie.

A ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta mai babban allo da ba a kashewa. Allon a rarrabe yake gida-gida, kowane gida baƙi ko fari. Baƙi yana rayuwa in maƙwabtansa baƙaƙe biyu ne ko uku. In sun gaza haka ya mutu, in sun yi yawa ma ya mutu. Baffa ya ƙara doka guda, cewa gidan da ya mutu zai zauna toka-toka na ɗan lokaci kafin a sake haihuwa a cikinsa. Daga wannan sai ga wasu siffofi suna tafiya a allon, suna karo, suna haifar waɗanda ba a taɓa gani ba. Abba yana kiransu tururuwa.

Wata da watanni suna yaɗuwa, su ne aikin digirinsa. Malaminsa ya ce in bai kawo sakamako ranar Litinin ba, za a cire shi daga shirin. Ranar Asabar aka yi sunan ƙanwata.

Falo ya cika da likitoci da injiniyoyi. Aka so a kira 'yan uwa na Funtuwa a nuna musu jaririya, talabijin ta ƙi haɗuwa da waya.

"Mudathir, ɗauko mana kwamfutar nan taka," in ji Abba.

In aka kashe ta ba a kwafe aikin ba, duk zai ɓace, kwafewar kuma za ta ci awa guda. Baffa ya sani, Abba ma ya sani, don da safe ya gaya masa. Amma a gidanmu ƙane ba ya ce wa yayansa ya jira, balle a gaban baƙi.

"Ko tururuwan ba su gama cin abinci ba ne?" Abba ya tambaya. Aka yi dariya.

"A'a, Yaya."

Ya sauka, ya zare wayar wuta da hannunsa, ya hawo rungume da kwamfutar. Shi ya haɗa kiran, shi ya riƙe jaririyar a gaban allo, gwaggonni suna guɗa daga Funtuwa.

Bai kai komai ranar Litinin ba. Yanzu gadi yake yi a wani gidan ajiyar kaya a Laurel, yana haya da wasu direbobi 'yan Nijar. Bai ƙara sayen kwamfuta ba.

Duk Sallah yakan zo gaisuwa, ya durƙusa gefen kujerar Abba.

"Ya tururuwa, Dokta?"

"Sun mutu, Yaya."

"To, zuba wa baƙi shayi."

Sai ya tashi ya zuba.