Jan Ƙwan Stamatis

Stamatis, maƙwabcina a tsibirin Siros na ƙasar Girka, kafintan jiragen ruwa ne. Tare muka taso, sai dai ni na tafi makarantar mishan, shi ya tafi bakin teku. Matarsa Evantiya ba a taɓa jin ta karya azumi ba. A zamaninmu kuwa, idan babban azuminmu na Kirista ya kama, wanda ake ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, ko ƙamshin madara ba a ji a unguwa sai ranar Ista, bikin ƙarshen azumin.

Da cutar mantuwa ta kama ta, likita ya rubuta mata wani abin sha a ƙananan kwalabe, haɗin madara da man kifi da bitamin, ta sha ɗaya kowace safiya. Ya faɗa ƙarara cewa tallafi ne kawai, ba waraka ba. Stamatis bai saurari wannan ba, ya ɗora ransa duka a kan kwalbar.

Evantiya ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta hanyar kicin, amma a wurinta kullum azumi ake yi. Da ta shinshina kwalbar sai ta ture. "Madara a cikin azumi? Kai tsoho, ba ka jin kunya?" Wake da zaitun kaɗai take ɗan taɓawa, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Ya juye mata a kofin shayi, ta gane. Ya ɗauko limamin coci, limamin ya bayyana mata cewa babu azumi a kan marar lafiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaya wa ya naɗa wannan yaro.

Wata safiya a watan Oktoba, Ista ta daɗe da wucewa, na leƙa, na tarar yana rina ƙwai ja, irin na ranar Ista. Ya ajiye kwandon a gabanta, ya ce, "Almasihu ya tashi." Ta amsa, "Haƙiƙa ya tashi." Suka gwara ƙwai kamar yadda aka saba, nata ya fasa nasa, ta yi dariya, ta shanye kwalbar.

Na ce masa wannan wasa da abu mai tsarki ne. Ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, kawo taka dabarar."

Tun daga nan kowace safiya Ista ce a gidan. Yatsunsa sun rine, maƙwabta sun gaji da karɓar ƙwai. Evantiya ta ɗan murmure, zoben ya zauna, amma warakar da yake jira ba ta zo ba. Jiya ta ajiye kwalbar, ta tambaye shi cikin ladabi, "Bawan Allah, ba ka ga Stamatis ba? Ranar biki guda, yana can wajen jirage."

Ya ce bari ya kira shi. Ya fito ya zauna a dakalina, yana goge yatsu da tsumma, yana zagin likita da kwalba da kaji. Da ya gaji, ya tambaye ni ko matata tana da sauran jan rini.