Mangwaron Mahaifiyata da Bokitin Ruwa Ɗaya

Shekarun baya, a wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon gidanmu na Yelwa ya tsage. Tsagar ta faro daga ƙasa ta bayan ɗakin mahaifiyata, ta haura har gindin taga, kana iya zura yatsa a ciki. Daɓen simintin da ke jikin bangon kuma ya lotsa. Taku shida daga wurin akwai bishiyar mangwaro, kuma tun kafin kowa ya duƙa ya duba, an riga an yanke mata hukunci.

Mahaifiyata ce ta dasa ta. A gwangwani ta taho da dashen daga Lau, ta raine shi da ruwan wanke-wanke, kuma a inuwarsa ta yi zaman tsufanta. Lokacin da bangon ya tsage shekararta biyu da rasuwa. Tabarmarta ta ƙare, kayanta an raba, bishiyar ce kaɗai ta rage a inda ta bar ta.

Gidan na gado ne, ni ke zaune a ciki, don haka na sanar da yayana. Ya taso daga Lau ranar Asabar, kuma bai zo shi kaɗai ba, har da mai injin yankan katako ya taho. Ya ce saiwa ce ta shiga ƙarƙashin gini, kowa ya san halin mangwaro, magina biyu ma sun faɗa masa haka. Na tambaye shi ko sun zo sun gani. Ya ce a waya ya yi musu bayani.

Ni mutum ne mai taurin kai, ban taɓa musun wannan ba. Na ɗauko kujera na dasa a gindin bishiyar na zauna.

"Yaya, duk wanda zai sare ta, sai dai ya fara da ni."

Ya ce in ji tsoron Allah, yarana ne ke kwana a ɗakin. Maganarsa gaskiya ce, kuma ta soke ni. Na kwashe yaran na mayar da su falo a ranar, amma na ce a ba ni mako guda. Idan aka tona aka ga saiwa ce, ni da kaina zan riƙe wa mai injin igiya. Ya tafi yana cewa boko ya lalata ni.

Matata ce ta samo wani tsohon birkila, ɗan ƙabilar Mumuye, mijin ƙawarta ta kasuwa. Ya zo ranar da yayana ya dawo. Ko kallon bishiyar bai yi ba. Ya zagaya bangon, ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma, muka ji yana ƙara kamar ganga. Ya ɗaga kai ya dubi bakin kwanon rufi, sannan ya ce a kawo masa ruwa bokiti ɗaya.

Ya sheƙa ruwan a tsakiyar daɓen, muka tsaya muna kallo. Maimakon ya gangara tsakar gida, sai ya miƙe ɗoɗar zuwa bango, ya sami wata 'yar kafa a gindinsa, ya shige ya ɓace.

"Itace bai yi laifi ba, Oga," in ji shi. "Duk ruwan sama na wannan kwano, nan ne yana shiga. Ya wanke ƙasa na ƙarƙashi. Wane ne ya yi wannan daɓe?"

Matata ta yi tari ta shige kicin.

Ni ne na yi shi. Shekara biyar kafin nan na ce aikin daɓe ba wani abu ba ne, ina ma'aikacin gwamnati ai ba zai gagare ni ba. Na tara lebura biyu, na tsaya a kansu ina nuni da makullin babur. Ban sa an daddaɓe ƙasar ba, ban duba gangara ba, kuma duk baƙon da ya zo sai na kai shi ya ga aikina. Ranar nan na so ƙasa ta tsage in shige, ga ta kuwa a tsage, sai dai ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ya ce duk da haka a sare, don rigakafi. Na ce a'a. Idan akwai abin da za a fasa a gidan nan, to aikina ne. Na karɓi babbar guduma a hannun Baba birkila na fara kai wa daɓen duka, har tafin hannuna ya yi kanta.

Aikin ya ci mako uku. Baba ya hana a tone gindin bangon gaba ɗaya, ya ce bangon zai rufto mana a kai. Gaɓa-gaɓa aka bi: a tona, a cire bulon da ya ruɓe, a sa rodi, a zuba kankare, a bari ya kama kafin a matsa gaba. Saiwa ɗaya tak muka tarar, kaurin babban yatsa, ita ma danshin da na tara mata ta biyo. Baba ya datse ta da adda. Aka cike da jar ƙasa aka daddaɓe, aka zuba sabon daɓe mai gangara waje, aka ja 'yar kwata ta kai ruwan gindin mangwaron.

Laifi tudu ne, na taka nawa shekara biyar ban gani ba. Na karɓi wannan. Amma ban taɓa nadamar zaman kujerar nan ba, domin da na yi biyayya a ranar, da mun rasa bishiyar, bangon kuma ya ci gaba da nitsewa.

Bangon na nan daram har yau. Bana yayana ya bugo waya yana tambaya ko mangwaro ya nuna, a aika masa a mota. Na ce ya nuna, Yaya, amma ba na aike. Mai so ya zo ya tsaya a inuwarta ya tsinka da hannunsa. Ya zo kuwa, har da buhu.