Tartsatsi da Akurkinsa na Ƙarfe

Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, amma tun ina yawo ba wando nake tsokanarsa. Sunansa na gaskiya ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno. Kowa Tartsatsi yake ce masa, don shekara talatin ya yi yana walda a wata rumfa a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katako. In ka ga rigarsa a igiyar shanya sai ka rantse rariya ce. Duk abin da ya lalace a duniya maganinsa ɗaya ne a wurinsa, a kawo a yi masa walda. Kujerar roba ta karye, ya yi mata ƙafar ƙarfe. Gadon da ya ƙera wa kansa kuwa, ranar da suka tashi daga gidan haya ƙarti takwas ne suka ɗauka, biyu har yau suna ɗingishi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, tabarau. Ya ce tabarau na 'yan koyo ne. Ido ya fara da zubar ruwa, ya koma gani dishi-dishi, har ranar da ya kafa wa wani mutum ƙofa a kife, mariƙin yana can ƙasa wajen idon sawu. Likita ya ce in ya ci gaba da kallon wutar walda, ɗan ganin da ya rage ma zai tafi. Aka rufe rumfa. Ya kwaso injinsa da ragowar fallayen ƙarfe ya jibge a bayan gida, ya zauna yana kallonsu, ko in ce yana kallon wajen da suke.

Yana da ƙane, Autan Gwaggo, mai ƙaton sito na kayan gini da mota mai ham kamar na jirgin ƙasa. Auta ya zo gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Yaya, da za ka riƙa zama mini a get ɗin sito. Ba wani aiki ba ne, buɗewa ne da rufewa."

Tartsatsi ya ce, "Get ɗin da na ƙera da hannuna? In zauna ina buɗe wa yaron da na share wa majina?"

Matarsa, wadda nake kira Anti, tana kan keken ɗinki ba ta ɗago ba. Ita ke riƙe da gidan tun da aka rufe rumfa, bayanta har ya fara lanƙwashewa. Ta ce, "To mu ci me, Baban yara? Ƙarfe?"

"Kaji zan yi kiwo. Ku ba ni zuwa saukar ruwan farko. In kajin nan ba su riƙe gidan nan ba, da ƙafata zan je get ɗin."

Na ce, "Yaya, kai da kaza ai a faranti kawai kuka san juna."

Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ni na kai shi wajen mai 'yan tsaki a kan babur ɗina. Mutumin ya yi mana bayani tsakani da Allah. Ya ce ga farare, masu saurin ƙiba, amma ba sa jure zafi ko kaɗan. Ga jajaye masu ƙwai, su kuma ba sa kwanci. Ga wasu masu wuya a tuɓe ba gashi, ba kyan gani, amma rana ba ta damunsu, kuma ko me suka tsinta sun ci. Tartsatsi ya sa aka miƙo masa iyayen ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu, yadda yake auna rodin ƙarfe. Da ya shafa wuyan mai tuɓaɓɓen wuyan sai ya yi saurin mayar da ita.

"Wannan ba a gama haɗa ta ba. Ba ni farare, su ne da nauyi. Abu mai kyau a nauyi ake gane shi."

Muka taho da arba'in a kwali.

Akurkin da ya yi musu, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na fata. Ya yi wa likita kunnen ƙashi, ya ta da injin a bayan gida, wannan karon da tabarau har biyu, ɗaya kan ɗaya. Kwana tara yana yi, rabin aikin ido a rufe, wai da kunne yake jin in ƙarfe ya kama. Ƙasa ƙarfe, bango ƙarfe, rufi ƙarfe. Ya huda 'yan ƙofofin iska waɗanda ɗan yatsa ba ya shiga, don kada ɓera ya samu hanya. Ya shafe shi da baƙin fenti saboda tsatsa. Ya sa ƙofa mai sakata biyu da kwaɗo kamar kan jariri. Na ce masa in banki suka ji labari za su zo haya. Da ya gama, idonsa na hagu ya gama shi ma.

Abin haushin shi ne, da farko abin ya yi. Lokacin sanyi ne, ya rataya musu fitila a ciki, ƙarfe ya riƙe ɗumi, 'yan tsaki suka yi ta ci suna kumbura. Ko ɗaya bai mutu ba. Tartsatsi ya dawo da tafiyarsa ta da, kafaɗa a buɗe. In Auta ya bugo waya sai ya kara wayar a jikin akurki don ya ji kukansu.

Sai zafi ya shigo. Zafin bana kuwa, na ga ƙadangare yana tafiya da ɗage ƙafa, na ga kare ya bi inuwar babur ɗina har gida. Kafin rana ta take, akurkin nan in ka tofa masa yawu sai ya yi cuu. Kajin suka buɗe baki, suka saki fukafukai, suka daina cin abinci. Anti ta ce a fito da su gindin bishiyar tsakar gida, ko a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna da ciyawa a kan rufin.

Ya ce, "Ciyawa a kan aikina? Sai ka ce wanda ba shi da sana'a."

"To taɓa ka ji."

Ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya bar shi nan har na ƙirga goma. Ya ce, "Ɗumi ne kawai."

Ba ƙarya yake ba. Shekara talatin yana ɗaukar ƙarfe da zafinsa, tafin hannun nan ya mutu, ya zama kamar tayar mota. Mutumin da ke sauke tukunya daga kan wuta ba tsumma, shi ne ma'aunin zafin kajinmu. Ido kuma ba ya nuna masa yadda suke haki. Shi dai yana jin sun yi shiru, ya ce hutawa suke.

Ranar farko uku suka mutu, ya ce cuta ce, ya sayo magani. Kashegari bakwai. Ya yarda akwai ɗan zafi, sai ya ƙara wani rufin ƙarfe a kan na farko. Ya samo fankar tsohuwar mota ya liƙa, aka ɗauke wuta. Cikin mako biyu, waɗanda ba su mutu ba Anti ta yanka su tun suna da sauran numfashi, aka rarraba wa maƙwabta, don ba inda za a ajiye nama a wannan zafi. Unguwa ta yi ƙiba, gidan ya rame.

Saura kaza ɗaya, ita ma ba tasa ba ce. Wata 'yar ƙanƙanuwar baƙa ce ta Anti, wadda ba a taɓa sa ta a lissafi ba, tana kwana inda ta ga dama. Ta samu wuri bayan duron ruwa, inda famfo ke ɗiga ƙasa ta yi sanyi, ta fara kwanci. Tartsatsi ya ce in kai shi wajen mai 'yan tsaki, ya sa na ɗaure injin waldarsa a bayan babur. Na ɗauka gyara za a kai. Can ya bar injin, muka dawo da buhun abincin kaji da ƙwai goma sha biyu na masu tuɓaɓɓen wuyan nan da ya raina.

Aka janye ƙwan baƙar aka zuba mata waɗannan a kwando, ta karɓa ba musu. Kwana ashirin da ɗaya ake jira. Kullum da safe sai ya tsuguna bayan duro ya lalluba ƙarƙashinta yana ƙirgawa, tana saran hannunsa, shi ko a jikinsa. Anti ta ce, "Ka bar ta inda take. Ta fi ka sanin aikinta." Ya ce to.

Ranar kwana na goma sha tara ya ƙirga ya ji goma sha ɗaya, ga ɓawo a gefe. Ɓera ya yi ɓarna. Anti ta fita kai ɗinki can ƙetaren gari, ni kaɗai ne a gidan, na zo shan ruwan sanyi.

Ya ce, "Kama mini kwandon nan. Cikin akurki za mu sa ta. Kwana biyu ne kawai."

"Yaya, cikin tanda? Ai gara ka ba ni su in soya, a ƙalla a ci da burodi."

"Kai komai wasa."

"Wallahi ba wasa nake ba. Jiya na ga ƙuda ya sauka a rufin nan, ko tashi bai yi ba, sai hayaƙi."

Ya yi dariya, karo na farko cikin wata guda. Matsalata ke nan. Na yi shekaru ina cewa sauro ya kai akuya, yau da nake faɗin gaskiya ita ma ta fito da kayan wasa. Safiya ce, ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba, ya dafa ya ce, "Ka ji? Sanyi ƙalau." Na kama masa kwandon. Da hannuna na kama. Ya ajiye mata ruwa a gwangwani, ya zura sakata biyu, ya datse kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu, ya hau motar haya zuwa asibitin ido karɓar maganin ɗigawa. Ni ma na tafi neman fasinja.

Rana ta take Anti ta kira ni. Na tarar da ita da taɓarya a hannu tana dukan kwaɗo, maƙwabta biyu suna gwada guduma. Wayarsa tana kan gado, ya manta ta. Muka yi ta kwara ruwa a rufin yana tashi kamar tururin wanki. Muka sa ƙarfen cire taya a bakin ƙofa, ƙarfen ya lanƙwashe, ƙofar ko gezau. Ɗaya maƙwabcin ya share gumi ya ce, "Gaskiya mutumin nan ya iya aiki." Na leƙa ta 'yar huda. Tana kan ƙwan, baki a buɗe, ga ruwa taku ɗaya daga inda take, amma ta ƙi tashi.

Na bi shi asibiti, aka ce layi ya watse. Na dawo, na sake fita, muka yi saɓani. Sai da rana ta yi sanyi ya shigo da 'yar ledar magani. Ya ji tsakar gida jiƙe, ya wuce akurkin kai tsaye. Ya buɗe kwaɗon, ya zura hannu. Ya ɗago ta a sandare, ya miƙa wa Anti. Sannan ya riƙa ɗaukar ƙwan ɗai-ɗai yana karawa a kunne, yana ajiyewa. A na bakwai ya tsaya yana shafawa da babban yatsa. Akwai 'yar huda a jiki, ɗan baki ya leƙo, nan ya tsaya.

Ya ce, "Wannan ya fara fitowa."

Anti ta ce, "Eh."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Bai jira ruwan farko ba. Da safe na same shi a ƙofar gida ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya maƙale maɓalli har wuya. Ya hau bayana ya ce, "Sito." A hanya na ce ko mu tsaya ya sha shayi, ya ce an ce ƙarfe bakwai ake buɗewa.

Auta bai iso ba tukuna. Wani lebura ya jawo masa benci ya ajiye a inda inuwar katanga take, ya nuna masa inda ake rataye mukullai, yana ce masa Baba. Tartsatsi ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na tsaya a kan babur ban kashe ba, na rasa ta inda zan tafi.

Ya ce, "Kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Ka je ka yi aikinka. In ka bi ta gida ka ce wa Antinka ta ba maƙwabta abincin kajin nan, kada ya lalace."

Sai ga ham daga kan kwana, sau biyu. Ya miƙe, ya bi jikin get ɗin da hannu yana laluben sakata.