Yatsan Kawu Mai Aski

Jama'a, a gyara zama, a cire hula. Ga shi nan tafe: sarkin almakashin layinmu, gwanin da madubi ke jin kunyarsa, likitan da bai taɓa zama a aji ba, Kawuna mai aski. Kada ku ɗauka ƙauna ce ta sa nake wasa shi. Shi ya saba faɗar waɗannan a kan kansa, ni maimaitawa kawai nake yi.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai cajin waya. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun ina firamare, da madubi mai tsagewa a kusurwa, da tawul wanda in ka tambaye ni asalin launinsa sai dai in yi maka ƙarya. A nan ya yi furfura, a nan yake yanke wa duniya hukunci kullum, daga 'yan ƙwallo har likitoci. Tun da aka yaye ni shi yake mini aski, kuma kullum da mugunta.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: sabuwar reza ga kowane kai. A gabanka zai ɓare takardarta, ya ɗaga ta sama kamar ya ciyo kofi.

"Ka gani? Ni ba irin ƙazaman nan ba ne."

Sai kuma ya yi abin da ya koya wurin maigidansa, ya goga bakin rezar a bayan babban yatsansa, wai gwada kaifi yake. Yatsan nan duk zane ne, kamar katakon yankan albasa. Sau da yawa jini kan tsatso, ya lashe, ya ce, "Yawwa, wannan ta amsa sunanta," sannan ya ɗora maka ita a ƙeya. In ya yanke ka ka ce wash, ya ce kai ne ka motsa.

Asiri ya tonu ne ranar da za a yi wa matarsa aiki a asibiti aka ce a kawo jini. Na ɗauke shi a babur ɗin da nake haya da shi lokacin, domin ni sana'a ba ta daɗewa a hannuna. Duk hanya yana gaya mini jininsa ya fi na samari ƙarfi. Aka ɗibi kaɗan aka gwada, wata malamar jinya ta kira shi ciki ta rufe ƙofa don ta rufa masa asiri. Wahalar banza ta yi. Ya fito yana ihu, har masu gyangyaɗi a benci suka farka.

"Wai jinina bai yi ba! Wai ciwon hanta! Ni? Kai, ka taɓa ganin na kwanta?"

Malamar ta biyo shi tana lallashi. "Baba, ai haka yake. Irin wannan da ake kira B, sai mutum ya yi shekaru da shi yana yawo garau. Ba a cin abinci ake ɗauka ba, ba a gaisawa ba. Ta jini ne, allura ko reza, ko kusantar iyali, ko uwa ta ba jariri wurin haihuwa. A kawo mutanen gida a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi."

Ina jin an ce reza na tuna da yatsan nan nasa. Na shafa ƙeyata, inda ya yanke ni ba a daɗe ba.

Na ce, "Malama, in mai ciwon ya gwada reza a yatsansa har ya yi jini, sannan ya yanki wani da ita fa?"

Ta ce, "Wa zai yi wannan gangancin?"

Kawu ya hau kallon silin kamar an aike shi ƙirga fanka.

Babban ɗansa ne ya ba da jinin. A hanyar komawa Kawu ya dinga yi mini tsawa a kunne: "Sabuwa ce fa! A gabanka nake ɓarewa!"

"Sabuwa ce, Kawu, kafin ta gaisa da yatsanka."

"Ɗan nema, in ka buɗe baki a layi na cire ka daga dangi."

Kuma maimakon ya koma asibiti kamar yadda aka ce, sai ya sayo wani ruwa a jarka wurin mai mota da lasifika, wanda ke maganin hanta da basir da rashin kasuwa. Mutumin da ke koya wa gari tsafta ke nan. Sai da mahaifiyata ta je har shago ta yi masa tatas, ta kwashi iyalinsa ta kai gwaji, shi ma ta tasa shi a gaba kamar ɗan makaranta.

Ni kuwa tsoro ya hana ni zuwa gwajin. Kullum ina leƙa madubin babur ina duba ko idona ya yi rawaya. In cikina ya yi ƙugi sai in ce shi ke nan, cutar ta fara. Da na ga zullumin zai riga ciwon kashe ni, na kai kaina asibitin. Malamar ta gwada, ta ce ban kamu ba, kuma nan take ta danna mini allurar farko a damtse, ta ce saura biyu, kada in kuskura in ɓata.

Ban zame ko'ina ba sai shagon Kawu. Akwai wani direba a kujera, don haka na tsaya a ƙofa ina kallo. Ya ɓare reza, ya ɗaga ta. Hannu ya nufi yatsa da kansa, sai ya tsaya cak, ya harare ni, ya ja tsaki, ya kai ta kan direban ba gwaji.

Direban na fita na naɗe hannun riga, na nuna masa audugar da aka manna mini.

"Kawu, kalli nan. Shekara da shekaru kana yaƙi da hantata, ba ka ci nasara ba. Tas aka same ni. Yanzu kuma an kafa mata masu gadi, ko gatari ka gwada a yatsa sai dai ka gaji. Ba za ka ce mini barka ba?"

Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta karkaɗe tawul.

"To. Matsa, ka tare mini haske."