Lakar Fadamar Baba

Akwatin gilashin da nake kiwon kifi a ciki yana ɗakina a Kwarbai tun Baba na da rai. Shi da kansa ya ɗebo mini ƙasar da na shimfiɗa a gindinsa, daga fadamarsa ta bayan Kufena, yana tsokanata wai 'yarsa ta koma noma a cikin ruwa. Baƙar laka ce mai santsi, duk shukar da na dasa sai ta kama.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru ƙasar ta gaji. Ganye ya ɗashe, saiwa ta daina riƙewa, kifayen suka rasa wurin ɓuya. Maganin ba wuya: a samo sabuwar laka, a dunƙula ƙanana kamar fura, a shanya, a cusa a gindin kowace shuka, ba sai an kwashe tsohuwar ba. Ni kuwa da taurin kaina na kafe, sai dai lakar wurin Baba.

Fadamar tana hannun babban wanmu, tunda ba a raba gado ba. Na roƙe shi ya ɗebo mini lakar, ya ce an gama. Ya yi ta ja mini rai, yau ɗaurin aure, gobe zazzaɓi. Ranar wata Juma'a sai ga shi da leda cike. Har ya zauna ya ci tuwona, yana ba ni labarin yadda rake ya yi kyau bana.

Ina jiƙa ta na san ba ita ba ce. Ja ce, mai tsakuwa, ta ƙi dunƙuluwa sam. Na buga masa waya.

"Yaya, daga ina ka ɗebo ƙasar nan?"

"Daga fadama mana. Ke dai kin cika fitina da kifayen nan naki."

Washegari na hau adaidaita na tafi da kaina. Babu rake ko kara ɗaya. Katangar bulo na tarar, magina suna haƙa tushen gini. Mai kula da aikin ya shaida mini wani Alhaji ne ya sayi filin tun bara, daga hannun mai shi. Mai shi, in ji shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba filin ne ya fi yi mini ciwo ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ɗan'uwana ciki ɗaya ya tsuguna a bakin wani titi ya cika leda don ya rufe mini baki, sannan ya zo ya kalli idona ya yi mini hirar rake.

Baƙar lakar tana nan tsibi a gefen ramin da suka haƙa. Na tambaya ko zan ɗan ɗiba. Mutumin ya ce in dakata ya kira Alhajin tukuna. Na tsaya cikin rana da leda a hannu, a gonar ubana, ina jiran izinin baƙo.