Walimar Farfesan Gyaɗa

Ofishinmu ɗaya da wani abokina a sashen kemistiri na jami'a, teburina yana kallon nasa. Ni ɗan Gaya, shi ɗan Ajingi, kuma tare aka ɗauke mu aiki. Na riga shi zama dakta, har ƙasar waje na je na ƙaro karatu. Shi kuwa yana nan gida yana bin rumbunan mutane, yana tsintar ruɓaɓɓiyar gyaɗa a leda. Kullum ofishin warin fumfuna yake. Nakan tsokane shi in ce, "Mutumina, in ka gama binciken a soya mana ƙuliƙuli."

Gyaɗar nan ce ta kai shi. Ya yi ta rubuta maƙalu a kan gubar da ke fitowa a gyaɗar da aka adana da danshi, ana bugawa, ɗalibai suna rububinsa. Ni kuma bincikena yana jiran wata na'ura da ta lalace tun furfura ba ta fito mini ba. Ranar da aka sanar ya zama farfesa, ni na fara rungume shi, har da kabbara. Daga nan na koma mota na zauna, na kasa ko tayar da ita. Ƙyashi ne ya kama ni, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Surutun abokan aiki bai dame ni ba. Mahaifina ne damuwata. Manomi ne, ya tsufa, kuma duk shekarun nan in aka tambaye shi aikina sai ya ce, "Kemis yake koyarwa a jami'a." Har maƙwabta sukan tare ni da takardar asibiti in na zo Gaya. Babu abin da nake so kamar Baba ya san me nake yi, ya faɗa da bakinsa a zaure. Sai ga shi ya ji abokina a rediyo, ya daina ɗura gyaɗa a buhu sai ta bushe ƙarau. In yara suka yi gaggawa sai ya ce, "Farfesa ya hana."

Mutanen Ajingi suka shirya wa ɗansu walima. Abokina ya kira ni ya ce, "Kai za ka gabatar da ni. Amma da Hausa, don su Inna su ji." Na amsa da to, ina ji kamar in jefar da wayar. Baba kuwa da ya ji labari ya ce da shi za a je, ya sa aka goge masa babbar riga.

Na yi niyyar in faɗi biyu-uku in zauna. Amma malami ne ni, ba na iya tsayawa gaban jama'a in yi aikin ha'inci. Na yi musu bayanin fumfunar, da gubar da ido ba ya gani, wadda wuta ba ta kashe ta, take cin hanta a hankali. Na faɗi yadda ɗansu ya auna ta rumbu bayan rumbu, har ya gano inda kuskuren yake. Dattawa suna gyaɗa kai, mata suna guɗa. Ban taɓa yin lacca mai daɗin wannan ba, kuma kowace kalma da ɗaci take fita daga bakina. Baba yana layin gaba, ya kafa mini ido.

A hanyar komawa ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai da muka bar gari ya yi magana.

"Ashe haka ka iya bayani? Yau na gane aikin yaron nan sarai. Allah ya yi masa albarka."

Na ce amin.

"To, naka fa? Faɗa mini shi haka, yadda ka faɗi nasa."

Abin da na daɗe ina jira ke nan. Na buɗe baki na ce, "Baba, akwai wasu ƙarafa da in aka zuba su a..." Na tsaya. Na sake ɗaukowa ta wani gefen, Turanci ya yi ta tare mini hanya. Na nemi abu ɗaya a cikin aikina da ya taɓa gonarsa ko tukunyar gidanmu, ban samu ba.

Ya jira ni har muka fara hango gidajen Gaya. Sannan ya mayar da hularsa, ya dafa mini kafaɗa.

"Bar shi," ya ce. "Lura da hanya."