Hannun Rigar Inna Tan

Tan Guifang ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kwandasta a motocin bas na birnin Chongqing, a ƙasar Sin. Da ta yi ritaya zaman gida ya gagare ta, sai ta karɓi jan ƙyallen 'yan sa kai ta ɗaura a damtse, ta kafa kujera a bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarsu. Mijinta ya rasu, 'yarta tana Shanghai. Ƙyallen nan shi ke fitar da ita daga ɗaki kowace safiya.

Inna Tan ba ta yi wa baƙo kwatance. Ina amfanin kwatance a garin da aka gina kan tsauni, inda waya za ta ce maka ka iso, alhali masaukin yana can sama da kanka, kai kana ƙasa kana kallon bango? In ta ga baƙo yana juya waya, sai ta leƙa sunan wurin, ta cafki hannun rigarsa, ta ja shi ta cikin kasuwa, su hau lif, su ƙetare gada, ta dire shi a ƙofa. Ko ruwa ba ta karɓa.

To, wani Bature da ta kai har bakin masaukinsa, shi ne ya kai ƙara wai wata tsohuwa ta finciko shi. Ka ji butulci. Shugaban unguwa Luo, wanda a gabanta aka yaye shi, ya zo yana sosa ƙeya.

"Inna, su ba sa son a taɓa su. In kika sake kama wani, dole in karɓi ƙyallen."

"Da zinare aka yi rigar tasa? Kai da na sha goge wa majina, yau kai za ka koya mini tarbar baƙo?"

"Ki yi nuni da hannu kawai, Inna."

Ta yi nunin. Ranar ta nuna wa wani dattijo baƙo hanya, tana kallo ya ja akwatinsa ya gangara matakalar da ba ita ba, wadda ke ƙarewa a bakin kogi. Baƙin ciki ya hana ta cin taliyarta.

Washegari wata baƙuwa ta fito ɗauke da jariri, tana juya waya, ta kusa kuka. Luo yana tsaye yana kallo. Inna Tan ta leƙa wayar, ta harare shi, sannan ta miƙa wa matar damtsenta, ta jijjiga shi. Matar ta kama jan ƙyallen gam.

"Rubuta, ɗan nan," in ji Inna Tan tana wuce shi. "Ka ce baƙuwa ta finciko tsohuwa."